Littafin asalin dabba: yadda masu ƙuru na Turai suke kiyaye iri

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, ya ga dawaki na gani na faɗa. Amma idan muka tambayi mai doki wane ne uban dokinsa, ko wace goɗiya ce ta haife shi, sau da yawa sai ya ce a kasuwa ya saye shi. Iyakar saninsa ke nan.

A ƙasar Birtaniya akwai ƙananan dawaki, irin waɗanda muke kira ƙuru. Waɗanda suka fi suna su ne na tsibiran Shetlan. Tsayin ƙurun Shetlan ba ya wuce santimita 107 daga ƙasa zuwa kafaɗa, kamar dai jakinmu, amma akwai shi da ƙarfi. A shekarar 1842 hukuma ta hana sa mata da ƙananan yara aiki cikin ramukan haƙar kwal. Sai masu ramukan suka koma sayen ƙuru don jan kaya. Kuɗi suka ruɗi masu kiwo, suka yi ta sayar da mazan da suka fi kyau, aka bar raunana suna baye. Iri ya fara lalacewa.

Shi ya sa a 1890 masu kiwon suka kafa ƙungiya. Babban aikinta shi ne riƙe littafin asali. Duk dukushin da aka haifa, a rubuta sunansa, da launinsa, da shekarar haihuwarsa, da sunan uwa da na uba. Namijin da za a bari ya yi baye kuwa, sai likitan dabbobi ya duba shi tukuna.

Makiyayan ƙurun Konemara na ƙasar Ailan su ma sun kafa tasu a 1923. Suna yin bikin nuni a garin Kilifdan cikin watan Agusta. Ana gwada dabbobi, ana ba da kyauta, masu saye suna zuwa daga ƙasashen waje. Wannan shi ne tallarsu. Mai saye yana ƙara kuɗi ne domin ya ga asalin dabbar a rubuce.

Mu ma muna da irin da duniya ta san mu da shi, wato jar akuyar Maraɗi. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana da nono, fatarta kuma tana da daraja a wajen dukawa har ƙasashen ƙetare. Tun 1963 aka buɗe cibiyar kiwonta a Maraɗi, don a kiyaye irin, a kuma ba ƙauyuka bunsurai nagari. To amma mu duba abin da muke yi ranar kasuwa a Agye ko Gazawa. Bunsurun da ya fi girma shi muke fara kaiwa, domin shi ne mai tsada. Kuskuren mutanen Shetlan ke nan. Mun san buƙata ce take sa haka, musamman lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Duk da haka, gara a sayar da ƙananan biyu a bar babban.

Wanda ya iya rubutu a ajin yaƙi da jahilci, ya iya buɗe littafin asali. Kaye ɗaya ya isa unguwa guda. Kowace goɗiya ko akuya a ba ta shafinta. A rubuta watan da aka yi mata barbara, da namijin, da abin da ta haifa, da ranar rigakafi ko maganin tsutsar ciki. Ta haka za mu gane idan uba zai hau ƴarsa, abin da yake kawo ƴaƴa raunana. Idan shekara biyu ta cika, sai a yi musayar bunsuru da wani ƙauye, a rubuta sunan ƙauyen a shafin.