Kirsimeti a Gidan Faston Ƙauye: Tukunyar da Ba Ta Sauka Daga Murhu

Idan kina da maƙwabta Kirista, kin san yadda gidajensu ke canza kama da zarar Disamba ta kama: ana ta kai-komo wurin tela, ƙamshin cincin yana tashi, yara ba su da zance sai na sababbin kaya. Yau za mu leƙa gidan da wannan biki ke zo wa da nauyi fiye da kowane gida a gari, wato gidan faston ƙauye, mu ga yadda matar gidan ke riƙe iyalinta a watan da aikinta ke ninkawa.

Gidan da ba a rufe ƙofarsa

Daga ƙauyukan kudancin Kaduna zuwa tsaunukan Filato, daga Bauchi da Gombe zuwa Adamawa da kudancin Borno, har cikin karkarar Kano da Katsina inda Hausawa Kirista suke zaune, akwai ɗimbin ƙananan majami'u da ake sujada a cikinsu da Hausa. Wasu na ECWA ne, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954 daga aikin mishan na SIM, kuma hedikwatarta tana Jos. Wasu na COCIN ne, wasu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka kafa tushenta a Garkida a 1923, wasu kuma na HEKAN ko Angilikan ko Baftis. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, shi ya sa har ƙabilun da suke da nasu harshen da Hausa suke wa'azi da waƙa.

Gidan fasto galibi yana jikin majami'a, kuma mallakar ikilisiya ne. Ɗaki biyu ko uku ne da rufin kwano, sai rumbu da murhu a tsakar gida. Matar da ta yi faɗa da mijinta nan take nufa da tsakar dare. Wanda zazzaɓi ya kayar da ɗansa nan zai ƙwanƙwasa, domin a ƙauyuka da dama babur ɗin fasto shi ne motar kai mara lafiya asibiti. Baƙon da dare ya yi masa nan ake nuna masa. Duk waɗannan kuwa hannun matar fasto suke faɗawa, wadda tsoho da yaro ke kira "Mama" ko da ba ta kai shekara talatin ba.

Ranarta tana farawa tun kafin gari ya waye, lokacin da aka buga ƙararrawar addu'ar safe. A wasu ƙauyukan ƙararrawar ba wani abu ba ce illa tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya. Daga nan sai ɗiban ruwa, shirya yara makaranta, sannan gona. Albashin faston ƙauye daga baiko da zakka yake fitowa, wato sadakar ranar Lahadi da kashi ɗaya cikin goma da membobi ke fitarwa daga abin da suka samu. Tunda membobin manoma ne, aljihun ikilisiya ma bin damina da kaka yake yi. A watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, albashi kan yi jinkiri ko ya zo rabi. Masu bishara da ƙungiyar EMS ta ECWA ke turawa ƙauyukan da ikilisiya ba ta yi ƙarfi ba kuwa, da taimakon majami'un birni da masu hali suke dogara.

Saboda haka fasto manomi ne kamar kowa, Mama kuma sai ta haɗa da sana'a: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, kiwon awaki da kaji, ko keken ɗinki. A kan wannan ne take ɗora taron Zumuntar Mata na mako-mako, ziyarar masu jego da marasa lafiya, da koyar da yara a makarantar Lahadi. Babu mai biyanta ko kwabo a kan waɗannan, amma ranar da ta fasa kowa zai lura.

Daga rumbu bikin yake farawa

Kafin Kirsimeti akwai godiyar kaka. Ranar, membobi kan shigo majami'a da rawa, ɗauke da damin dawa da gero, kwanon wake, gyaɗa, doya, wani da zakara a hammata. A ikilisiyoyi da yawa ana ware wa gidan fasto wani kaso daga ciki. Mai kallo daga waje zai ce ai gidan ya cika. Mama ce kaɗai ta san cewa bakuna uku ke jiran wannan hatsi: hidimar biki, kuɗin makarantar yara da za a nema a watan Janairu, da abincin da zai kai gidan har sabon amfani ya nuna.

Ke da kike cefane kin san matsalar. A lokacin kaka hatsi yake faɗuwa a kasuwa, domin kowa ya fito da nasa. Buhun da aka sayar da araha a Disamba don a yi wa yara ɗinki, shi za a dawo a saya da tsada a Yuli ko Agusta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na shinkafa da man girki suka yi sama, wannan lissafi ya ƙara tsanani.

Don haka matar da ta san kan gidanta ba ta jiran Disamba. Tun farkon shekara take zuba adashi. Ɗan akuyar da za a yanka ko a sayar tun da damina aka ware shi. Nama kuma ta hanyar watanda ake samunsa: gidaje goma ko ashirin su haɗa kuɗi kaɗan-kaɗan cikin shekara, a sayi sa guda, a yanka ana gobe ko jibi biki, a kasa shi kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa. Yadin yara tun Nuwamba yake zuwa wurin tela, kafin layi ya yi tsawo kuɗin ɗinki ya hau. Idan hali bai kai ba, sai a zaɓo masu kyau a gwanjo, a wanke, a goge da dutsen guga na gawayi, a ɓoye a akwati har ranar.

Makon da ba barci

Daga tsakiyar wata, harabar majami'a ba ta rabuwa da mutane. Mawaƙa suna gwaji da yamma. Matan Zumunta suna nasu da tulu da ganga da caki, suna shirya zanen ankonsu. Yara suna haddace ayoyi, suna koyon wasan kwaikwayon haihuwar Yesu kamar yadda ya zo a Linjilar Luka da ta Matiyu: Maryamu da Yusufu, komin dabbobi a Baitalami, makiyaya da masanan da suka zo daga gabas. Tsofaffin zannuwan Mama su ne rigunan makiyaya, farin mayafinta kuma na mala'ika. Da dare matasa kan zaga gida-gida da waƙoƙi cikin sanyi, kuma a gidan fasto suke tashi, a nan suke ƙarewa, sai an tanadar musu ruwan zafi ko kunu.

A wannan makon ne 'yan garin da ke aiki a Kaduna, Abuja, Kano da Legas suke dawowa, kuma kusan kowannensu sai ya zo gaida fasto. Shi ya sa ake yawan sa ranar aure a Disamba. Fasto yana ɗaura aure, Mama tana zaunar da amare tana yi musu nasiha.

Ranar 25 ga wata, tun ƙarfe uku ko huɗu na asuba wuta ke kamawa a murhunta. Shinkafa da miya, naman watanda, waina, zoɓo da kunun zaƙi. Ta yi wa yara wanka, ta shirya su, ta ɗaura nata zanen, ta shiga gaban mata ta ja waƙa. Idan mijinta yana kula da ƙananan majami'u biyu ko uku a ƙauyukan kewaye, da an tashi sujada zai hau babur ya bi su, ita kuma ta koma ta tari baƙi. Tukunya ta ƙare a ɗora wata. Sau da yawa sai rana ta yi sanyi take tuna ba ta sa komai a bakinta ba. Washegari, 26 ga wata, shi ma hutu ne a Nijeriya, ziyara ta ci gaba. Kafin ta huta, ga addu'ar tsallake shekara a daren 31, ga sujadar sabuwar shekara.

'Ya'yan fasto ma yara ne

A nan ne abin ya fi taɓa zuciyar uwa. Ɗan fasto yana tashi idon gari a kansa. Abin da ɗan wani zai yi a ce ƙuruciya ce, shi in ya yi sai a ce, "Ɗan fasto guda!" Ranar biki babansa na kowa ne, mamarsa na kowa ce, kuma yana kallo ana ɗibar wa baƙi tsokar da ya kwana yana mafarkinta. Idan rigarsa ta fi ta sauran yara, a ce kuɗin baiko ne. Idan ta gaza, a ce Mama ba ta iya tattali ba. Ga kuma sauyin wurin aiki: bayan 'yan shekaru hukumar ikilisiya ta ɗauke uban zuwa wani gari, yaro ya bar abokai da makaranta, wani lokaci har da harshen da ya saba ji, uwa ta bar gonar da ta gyara da masu sayen ƙuli-ƙulinta.

Yaron da ya girma yana jin cewa shi ne na ƙarshe a gidansu, yakan girma da ƙullin da zai iya nisanta shi daga iyayen da ma ikilisiyar. Matan fastocin da suka daɗe a aikin suna da 'yan dabaru a kan wannan, kuma duk uwar da gidanta ke cika da baƙi ranar biki za ta amfana da su. Kafin a zuba wa baƙon farko, a ɗebe rabon yara a rufe a ɗaki. A ware wani lokaci, ko da daren jajibiri ne ko safiyar 27 ga wata, da uba da uwa da yara za su zauna su kaɗai su ci daga kwano ɗaya. A raba aiki tun da wuri: wannan ta kawo itace, waccan ta zo suya, 'yan mata su karɓi wanke-wanke, domin hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kuɗin makarantar Janairu kuma a ƙulle shi daban tun kaka, a ɗauka babu shi.

Biki cikin ɗar-ɗar

A wasu yankunan, lissafin Mama ya wuce na shinkafa. A jajibirin Kirsimetin 2023, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Bokkos da Barikin Ladi a jihar Filato, suka kashe fiye da mutum 100. A wuraren da ake fama da garkuwa da mutane, ikilisiyoyi da dama sun dawo da addu'ar dare zuwa yamma, matasa kuma suna gadi yayin da ake sujada. Sauran iyalai na iya tattara kaya su tafi wurin dangi, amma da wuya fasto ya bar mutanensa. Matarsa ce za ta zauna ta yanke: a tura yara wurin kakanni a gari su yi biki lafiya ba tare da iyayensu ba, ko a zauna tare, komai ya zo a gani.

A wannan yanki na Barikin Ladi ne kuma, a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga maharan. Matar faston ƙauye ta san cewa ranar tsanani maƙwabci ne ke fara isowa kafin jami'an tsaro.

Kwanon da ke tsallake katanga

Wannan ne ya sa a cikin duk kwanukan da take zubawa ranar biki, ba ta wasa da na maƙwabta Musulmi. A garuruwan da ake zaune tare, gidajen Kirista da dama kan kira Musulmi ya yanka musu dabbar biki domin kowa ya ci hankali kwance. Yara su ɗauki kwanuka, wannan gidan mai unguwa, wannan gidan liman, wannan na ungozomar da ta karɓi haihuwar autan gidan, wannan na matar Ardo da ke kawo nono. Kwanon ba ya dawowa wayam, in ma ya dawo, ranar Sallah zai koma cike da waina da naman layya. A birnin Kaduna ma an san Fasto Yohanna Buru da karɓar Musulmi da ke zuwa taya shi murnar Kirsimeti shekara da shekaru.

To uwargida, idan ke 'yar ikilisiya ce, kada ki tsaya a kan gaisuwar "Mama, barka da Kirsimeti" ki zauna a kawo miki abinci. Ki riƙo mudun shinkafa ko kwalbar mai, ki ɗaura zani ki karɓe ta suya na awa guda, ki sa wa yaranta ɗan abu a hannu da sunansu. Idan kuma maƙwabciya ce ke, ki karɓi kwanon da fuska a sake, ki aika yaranki su yi godiya, domin abin da suka ga kin yi shi za su yi wa nasu maƙwabtan.

A garinku har yanzu ana wannan musayar kwano, ko ta fara gushewa? Ku kuma matan fastoci da ke karanta mu, yaya kuke raba kanku tsakanin baƙi da 'ya'yanku a wannan wata? Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa.