Jif: motar da yaƙi ya haifa, ta zama uwar kat-kat

A nan ƙasarmu, inda gudron ya ƙare sai kat-kat. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa asalin irin wannan mota daga fagen fama ta fito.

A shekara ta 1940, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya kankama a Turai, rundunar sojan Amurka ta nemi a ƙera mata ƴar ƙaramar mota marar nauyi, wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. An aika wa kamfanoni 135, aka ba su kwana 49 kawai su kawo samfuri. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bantam ne ya cika wa'adi. Sai dai ba shi da ƙarfin ƙera motoci da yawa, don haka a 1941 babbar kwangila ta faɗa hannun Willys, mai injin da ya fi ƙarfi, daga baya Ford ya shigo. Kafin ƙarshen yaƙi an ƙera kimanin jif 640.000. Bantam kuwa sai aka bar shi da ƙera tirelolin da jif ke ja. Wani da toshi, wani da aure!

Da yaƙi ya zo ƙarshe, Willys ya ga kasuwar soja za ta mutu. A 1945 ya fitar da CJ-2A domin farar hula: aka sa mata ƙofa ta baya don lodi, da manyan fitilu, da wani sandan ƙarfe da ke ba injin niƙa ko famfon ruwa ƙarfi. Burinsa manomi ya yi huɗa da ita da safe, ya kai kaya kasuwa da marece. Wajen huɗa ba ta kamo tarakta ba, amma wajen ratsa laka da rairayi ta yi suna.

Daga nan zuriya ta yaɗu. A Birtaniya, Maurice Wilks da ke aiki da tsohuwar jif a gonarsa ya ɗauki darasi, Land Rover ta fito a 1948. A Japan, Toyota ya ƙera tasa a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954.

Jikokin nan ne ke kai allurar rigakafi rugage, su ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa likita. Su ne kuma ƴan bindiga ke ɗora wa manyan makamai a Sahel. Mota ba ta zaɓen aiki, mai riƙe da sitiyari ne ke zaɓar mata.