Tsohuwar mota: sauƙi ranar saye, ɗawainiya a garaji

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, tsohuwar Toyota Starlet ko Corolla ce motar farko ga matasa da dama. Ba ta shan mai sosai, kayan gyaranta suna ko'ina, kowane bakanike ya san cikinta.

Sai dai araha ba ta ado. Zafin Afrilu kan tona asirin lagireto, ramukan hanya su gama da ƙafafunta. Tun rufe iyakar Benin a 2023, motocin da a da ke shigowa daga Kwatano ta Gaya sun koma zagayen Lome da Burkina Faso, kuɗin hanya ya ƙaru.

Shawara ga 'yan ci-rani masu aiko kuɗin mota gida: bakanike ya fara dubawa, a tantance takardun duwan, sannan a ware kuɗin gyara tun kafin a karɓi makulli.