Kwamfutar Da Ake Rubuta Wa Takardar Sautu: Shawara Ga 'Yan Kasuwar Filinge

A 'yan shekarun nan kwamfuta ta samu wurin zama a kasuwa kamar yadda mudu da sikeli suka samu tun zamanin kakanni. Akwai mai shagon buga takardu da wanke hoton fasfo, akwai mai tura wa jama'a finafinai da karatu a waya, akwai babban ɗan kasuwar da ya mayar da littafin bashinsa cikin na'ura, sannan ga iyaye mata da suka tara ribar cuku ko ta wake ko kuɗin adashi suka saya wa ɗansu tsohuwar kwamfuta domin ya koyi sana'a. A Filinge, babban garin ƙasar Kurfai da ke jihar Tilaberi, irin wannan na'ura jari ce sukutum, kuma ranar da ta ƙi tashi ranar ɓacin rai ce, domin kuwa tsakanin garin da Yamai, inda ƙwararrun masu gyara suka fi yawa, tafiya ce ta kusan kilomita 180 ta Bonkuku da Balayara. Ga kuɗin mota, ga kwanakin da shago zai yi a rufe, ga kuma halin tsaron da ya sa sai ta kama dole ake hawa hanya.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganin da aka saba yi wa na'urar guda ɗaya ne, wanda masu gyara ke kira fomatin, wato a share komai a sake zuba mata Windows. Daga nan sai a shiga neman manhajar firinta, da ta lissafi, da ta hoto, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk yadda aka daidaita su a baya yana cikin kan yaron da ya yi aikin ne kawai. In ya tafi ci-rani ko makaranta ta ɗauke shi, to ya tafi da iliminsa.

Bugu da ƙari, tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a bisa tsarin da aka saba, yayin da Windows 11 ba ta karɓar galibin na'urorin da aka ƙera kafin wajen 2018, waɗanda su ne irin 'yan gwanjon da aljihun talaka ke iya kaiwa gare su. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu gabatar wa masu karatu wata hanya ta daban, wadda sunanta NixOS, tare da amfaninta da kuma wahalarta.

Asalin abin

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar yadda Android ke tafiyar da mafi yawan wayoyin da ke hannunmu. Windows ta kamfani ce, sayar da ita ake yi. Linux kuwa wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara ta a 1991, ya sake ta kyauta kowa ya ɗauka ya gyara, har ma ita kanta Android ɗin a kan ginshiƙinta aka gina ta. Da yake kowa na da iznin haɗa tasa, sai Linux ta zama iri-iri kamar atamfa, daga ciki har da Ubuntu wadda wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004.

Ita kuwa NixOS ta samo asali ne daga jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan, inda wani mai bincike, Eelco Dolstra, ya fara aiki a 2003 a kan sabuwar dabarar zuba manhajoji da ya kira Nix, ya kuma samu digirin digirgir da ita a 2006. A shekarar ce wani ɗalibi, Armijn Hemel, ya gina cikakkiyar Linux a kan dabarar. An fitar da tsayayyen bugunta na farko a 2013, kuma daga baya aka tsayar da al'adar fitar da sabo sau biyu a shekara, a watan Mayu da na Nuwamba. Rumbunta na ɗauke da manhajoji fiye da 100,000, kuma ba a biyan ko dala kafin a ɗauko ta.

Takardar sautu

To, me ya bambanta ta da saura? Kowace 'yar kasuwa ta san sautu. Idan Hajiya za ta aiki direba sayayya Yamai, ba ta tsayawa tana ce masa ka shiga ta ƙofa kaza, ka juya dama, ka tsaya gaban shago na uku. Takarda take rubutawa: buhun shinkafa 5, katan ɗin sabulu 3, jarkar mai 2. Yadda zai zaga kasuwa ruwansa ne, ita dai abin da ke cikin takarda take son gani. In kuma wannan direban bai samu zuwa ba, sai ta miƙa wa wani takardar, kayan da za su iso su ne dai.

Haka NixOS take. Maimakon a zauna ana latse-latse ana zuba wannan ana cire wancan, sai a rubuta duk abin da ake so na'urar ta kasance a cikin fayil guda mai suna configuration.nix: sunayen masu amfani da ita, manhajojin da ake buƙata, agogon ƙasa, har da tsarin allon rubutu, ko na Faransanci ne ko na Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Alal misali, layin da ke cewa services.printing.enable = true ma'anarsa kawai a kunna aikin buga takarda. Da an ba ta umarni guda, sai na'urar ta karanta fayil ɗin ta gina kanta daidai da shi. Akwai kuma wani ƙaramin fayil da ita da kanta take rubutawa game da ƙarafan da ke cikin kowace na'ura.

Amfanin wannan ga mai shago a fili yake. Fayil ɗin bai kai nauyin hoto ɗaya ba, ana iya aje shi a filashi, a tura ta WhatsApp, ko ma a buga shi a takarda a jefa cikin adaka. Ko na'ura ta ƙone, ko ɓarawo ya yi gaba da ita, in an samu wata aka ba ta fayil ɗin, za ta dawo da manhajoji da tsarin waccan. Ilimin da a da yake cikin kan yaro ɗaya ya koma rubuce, duk wanda ya iya zai karanta ya ɗora. Har ila yau, mai gyaran da ke zaune a Yamai zai iya duba fayil ɗin ya gyara layi biyu ya maido, ba tare da an ɗora na'ura a mota ba.

In gyara ya zama ɓarna

Abu na biyu shi ne, NixOS ba ta cakuɗa kaya. Kowace manhaja tana da nata wurin da nata lamba a cikin rumbun na'urar, kamar yadda mai hankali ba ya jingina jarkar manja a kan buhun gari. Saboda haka zuba sabuwa ba ya taɓa tsohuwa.

Kazalika duk lokacin da aka yi wani canji, ba ta rushe tsarin jiya, sai ta gina sabo a gefensa. In an kunna na'ura, jerin tsare-tsaren baya yana fitowa, wanda in na yau ya ƙi aiki sai a zaɓi na jiya a ci gaba da ciniki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da wutar lantarki ke da wuyar sha'ani. Ba a manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, aka yi watanni ana fama har zuwa 2024. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta manhaja na cikin abubuwan da ke kwantar da kwamfuta, to amma ita wannan sai ta gama haɗa sabon tsari tukuna take komawa kansa, don haka in wuta ta tafi ana cikin saukar da kaya, tsohon yana nan daram.

Ɗalibi, ɗan wasa da mai shago

Mutum uku ne za su fi cin moriyar wannan tsari. Na farko shi ne ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja, ko a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a ta Boubakar Ba da ke Tilaberi. Irin wannan aiki kan buƙaci kayan aiki daban-daban da sukan yi karo da juna, amma da Nix kowane aiki yana da tasa 'yar takardar, wadda in ya tura wa abokin aikinsa, ko a Kano yake ko a Dakar, zai samu kayan aiki iri ɗaya. Wannan ƙwarewa ce da ake iya ci da ita daga nesa.

Na biyu shi ne mai gidan wasan yara. Kamfanin Valve na Amurka, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya fito da wata dabara mai suna Proton a 2018 wadda ta sa dubban wasannin Windows ke tafiya a kan Linux, kuma na'urarsa ta hannu, Steam Deck, da ta fito a 2022, da wani nau'in Linux take aiki. A NixOS layi biyu sun isa a kunna Steam, sannan mai na'ura biyar zai iya tafiyar da su duka da fayil ɗaya. Sai dai a sani, wasan ƙwallon kamfanin EA, tun daga FIFA 23, da Fortnite da Valorant, ba sa tafiya a Linux saboda tsarinsu na hana maguɗi. Wanda ƙwallon nan ce ke kawo masa yara, gara ya bar na'urarsa yadda take.

Na uku shi ne ɗan kasuwa ko ƙungiyar mata masu son aje bayanansu a gida maimakon a rumbun wani kamfani da ke wata uwa duniya. Tsohuwar kwamfuta guda da aka haɗa da batir da faifan sola za ta iya zama ma'ajiyar shago. Akwai Dolibarr, manhajar lissafin kaya da rasit da bashi wadda ke magana da Faransanci, akwai Nextcloud ta ajiyar takardu da hotuna da aka fara a Jamus a 2016, kuma dukansu NixOS na da shiryayyen tsarin kunna su. A ɗauka ƙungiyar masu sayar da cuku ce a kusa da Tukunus, inda gonar kiwon shanun Azawak take: wa ta kawo nawa, wa ta karɓi bashi, nawa aka aika kasuwar Lahadi ta Balayara, duk za a iya dubawa ta waya a cikin shago ko da intanet ta ɗauke.

Inda gizo ke saƙa

Ba za mu ɓoye wa masu karatu wahalar abin ba. Da farko, takardar sautu ba kaya ba ce. Fayil ɗin yana maido da manhajoji da tsari ne kawai, ba ya maido da sunayen masu bashi ko hotunan biki. Waɗannan tilas a riƙa kwafe su a wani faifai dabam duk mako, a aje shi a gida ba a shago ba, kuma kada a yar da littafin takarda. Haka nan ba a rubuta lambar sirri a cikin fayil ɗin, tunda abu ne mai yawo hannu-hannu.

Na biyu, zubin farko yana cin intanet sosai, don haka ya fi sauƙi a yi shi inda layi ke da ƙarfi, daga baya a kwafa zuwa sauran na'urori. Tsare-tsaren baya da take ajewa su ma suna cika faifai, sai ana share na da can lokaci-lokaci.

Na uku, harshen da ake rubuta fayil ɗin yana da wuyar koyo, kuma yawancin bayaninsa da Ingilishi yake, alhali yaranmu na Nijar da Faransanci suka yi karatu. Akwai wata 'yar uwarta mai suna Guix, wadda wani Bafaranshe, Ludovic Courtès, ya fara a 2012 a kan wannan dabara, kuma littafin jagorarta yana da fassarar Faransanci, sai dai ita ba ta karɓar manhajar da ba a buɗe sirrinta ba, abin da kan sa wayafai ɗin wasu na'urori ya ƙi aiki.

Na huɗu, Word da Excel da Photoshop ba sa zama kai tsaye a Linux. LibreOffice na buɗe takardun biyun farko, amma mai shagon buga takardu ya fara gwada firintarsa da ayyukan abokan cinikinsa kafin ya yanke shawara.

Shawararmu

Ba muna cewa Hajiya ta bar rumfa ta koma koyon wannan ba ne. Mai na'ura guda da ba shi da mai kula masa, Ubuntu ko Linux Mint za su fi masa sauƙi. Amma uwar da ke da yaro mai ƙwazo, ta ba shi tsohuwar na'urar da ba a dogara da ita ba ya yi wata biyu ko uku yana gwaji, ba a kan ta shago ba, domin ba a koyon iyo a tsakiyar kogi.

Ko ba a taɓa NixOS ba, akwai darasin da kowane mai shago zai ɗauka yau. Duk wanda ya gyara maka na'ura, ɗan'uwa, ka sa ya rubuta maka abin da ya zuba da yadda ya daidaita shi, kuma ka tambaye shi inda kwafin lissafinka yake kafin ka biya shi. Ɗan kasuwar da ba ya ba da bashin jikka ɗaya sai ya rubuta, bai kamata ya bar jarin jikka ɗari a cikin kan mutum ɗaya ba.