Kwamfutar da ta yi barci ba ta kulle sirrinka ba

Idan ka bar kwamfuta ba ka taɓa ta ba, takan kashe allonta ta shiga barci da kanta. Ƙidaya take yi: da zarar mintunan da aka saita sun cika babu motsin linzami ko na maɓalli, sai ta dakatar da kusan komai, ta bar 'yar wuta ga ma'adanar wucin gadi, wato RAM, domin ka tarar da aikinka inda ka bar shi.

Tattalin lantarki ne ya yaɗa wannan tsari, musamman bayan hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Energy Star a 1992. Ba don tsare sirri aka yi shi ba. Ko da ka kulle bayananka, mabuɗinsu yana zaune cikin RAM muddin barci take yi, kuma a 2008 masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna ana iya zaro shi, har da dabarar sanyaya ma'adanar.

Saboda haka ɗan jarida ko mai fafutuka da ke ɗauke da sunayen majiyoyi kada ya tsaya ga rufe murfi. Kafin ya isa shingen bincike ko filin jirgi, ya kashe ta gaba ɗaya.