Buhun Siminti Da Yarjejeniyar Ciniki: Wa Ake Karewa?

Ranar 7 ga watan Yuli na 2019, a birnin Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ba tare da shinge ba tsakanin ƙasashen Afirka, bayan da ya ƙi zuwa Kigali a watan Maris na 2018, inda ƙasashe 44 suka fara amincewa da ita. Ba a yi wata biyu da sa hannun ba, sai Gwamnatin Tarayya ta rufe kan iyakokin Nijeriya na tudu, ba ta kuwa fara buɗe su ba sai a Disamban 2020. Wannan hali na miƙa hannu ɗaya a janye ɗaya ya daɗe a sha'anin cinikin ƙasar nan, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar a kasuwar siminti.

Dattawa ba su manta da 1975 ba, lokacin da jiragen ruwa ɗaruruwa, maƙare da siminti, suka yi jerin gwano a bakin tashar Ikko, saboda gwamnati ta yi odar abin da tashar ba za ta iya saukewa ba. Wasu jiragen sun yi watanni suna jira ana biyan kuɗin jinkiri, har simintin wasu ya daskare. A lokacin akwai masana'antu a Nkalagu da Ewekoro da Sakkwato, daga baya aka buɗe ta Ashaka, amma duk abin da suke yi bai kai buƙatar ƙasa ba.

A 2002 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da wata dabara, watau ba za a ba kowa lasisin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana gina masana'anta a cikin gida. Gaskiya kam dabarar ta yi aiki. An gina katafariyar masana'antar Obajana a Jihar Kogi, an faɗaɗa wasu, Nijeriya da ke cikin manyan masu sayen siminti daga waje ta koma mai sayar wa maƙwabta. Dubban mutane sun sami aiki, kuɗin waje da ake zubarwa ya ragu.

To, amma akwai ɗaya gefen. Da aka toshe hanyar shigowa, sai kasuwar ta tattara a hannun kamfanoni uku, Dangote da BUA da Lafarge, na farkon shi kaɗai yana riƙe da fiye da rabi. Mai son shiga wannan sana'a sai ya mallaki dutsen da ake haƙa, da wutar lantarki tasa ta kansa, da ayarin manyan motoci, abin da ba kowane attajiri zai iya ba. Inda masu sayarwa suka zama uku, kuma baƙo ba shi da ikon shigowa, mai saye ba shi da wurin gudu. A watan Fabrairu na 2024 buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnati ta kira masu kamfanonin, aka tsayar da farashi tsakanin Naira 7,000 da 8,000, Ministan Gidaje kuwa ya yi barazanar buɗe ƙofa a shigo da na waje. Kamfanonin suna kafa hujja da tsadar iskar gas da lalacewar hanyoyi da faɗuwar Naira, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Sai dai barazanar Ministan ta nuna cewa ita kanta gwamnati ta san abin da kasuwar ta rasa shi ne abokin gasa.

Masu cewa a buɗe ƙofa kawai, su ma ya kamata su je Kakuri su duba. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar ciniki ta duniya tun 1960, ta kuma zama wakiliya a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya daga ranar da aka kafa ta, 1 ga Janairun 1995. Da ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar a 2001, aka kuma kawar da ƙayyade cinikin tufafi a duniya a farkon 2005, sai yadi mai araha ya malalo, ta tashar ruwa da ta hannun 'yan fasa-ƙwauri. Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, da 'yan uwanta na Kano, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. An saka su kokawa da ƙatti alhali ba wuta, ba bashi mai sauƙi, ba isasshiyar auduga.

Watau dai ƙasar nan ta ɗanɗana duka biyun, kuma abin lura shi ne ta yi shekaru tana kare masana'antu ba ta da cikakkiyar dokar hana babakere. Sai a farkon 2019 aka sa hannu kan dokar gasa da kare masu saye, wadda ta kafa hukumar da ke da ikon binciken haɗin baki kan farashi. Ƙasashe irin su Koriya ta Kudu sun kare masana'antunsu, amma bisa sharaɗin su fita kasuwar duniya su gwada ƙarfi. A nan kuwa ba a cika jin an gaya wa wanda aka kare ranar da kariyar za ta ƙare ba.

Yarjejeniyar Afirka, wadda aka fara ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, ta tanadi a soke kuɗin fito kan kashi 90 cikin 100 na kayayyaki sannu a hankali, a jinkirta kashi 7, a bar wa ƙasashe kashi 3 su keɓe. A kan wannan ɗan kason ne masu ƙarfi za su yi ta kai gwauro su kai mari a Abuja, kowa yana son hajarsa ta shiga ciki. Birkila da ƙaramin ɗan kwangila da malamin makarantar da ya aza harsashin ɗaki biyu ya tsaya, ba su da ƙungiyar da ke zama a irin waɗannan tarurruka.