Kwantaccen Ciki: Abin Da Fiƙihu Ya Ce, Da Abin Da Likita Ya Gani

Wannan mako muna so mu duba wata mas'ala wadda takan jefa gidaje cikin ruɗani, watau maganar da ake yi cewa ciki ya kwanta. Ɗan kasuwar da fatauci ya raba da gida, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, su ne suka fi yawan kawo mana wannan tambaya, domin nasabar ɗa, da iddar mace, da rabon gado duk suna rataye a wuyanta.

Mu fara da inda babu saɓani. Suratul Muminuna ta jera matakan halitta: nuɗufa, watau ɗigon maniyyi, sa'an nan alaƙa, gudan jini mai maƙalewa, sa'an nan mudga, tsoka gwargwadon loma, sai ƙashi da tufatar da shi da nama. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu ya ba kowane ɗaya daga ukun farko kwana 40, daga nan mafi yawan malamai suka ɗauki cewa ana busa rai bayan kwana 120. A lura, wannan lissafi daga shigar ciki ne. Likitoci kuwa daga ranar farko ta hailar ƙarshe suke ƙirgawa, har kwana 280, watau mako 40. Saboda haka kwana 120 na malamai shi ne wajen mako 19 a katin asibiti.

Mafi ƙarancin muddar ciki wata 6 ne. Suratul Ahƙafi ta haɗa ɗaukar ciki da yaye wata 30, Baƙara ta ce cikakkiyar shayarwa shekara 2 ce. A ɗebe 24 daga 30, saura 6.

A kan mafi tsawon mudda ne aka rarrabu. Hanafiyya suka ce shekara 2, Shafi'iyya suka ce 4, a mazhabarmu ta Malikiyya an ruwaito 4, an ruwaito 5. Ibnu Abdil Hakam, wanda shi ma Bamalike ne, ya tsaya a shekara 1, Ibnu Hazmi kuwa a wata 9. Wannan saɓani shi kansa yana nuna cewa babu aya yankakkiya a kan batun. Magabata sun bi labaran matan zamaninsu ne, suka kuma zaɓi faɗaɗawa don su rufa asirin mace, su tsare nasabar ɗa, su tunkuɗe haddi da shubuha. Wannan hujja tana cikin waɗanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta duba a 2003, ta soke wani hukuncin jefewa. Masar kuwa tun 1929 ta kafa dokarta a kan shekara 1.

To, me likita yake gani in an kai masa mai kwantacce? Wata ɗan tayin ne ya rasu a mahaifa bai fito ba, alamun ciki suka ɓace. In ta sake samun wani daga baya sai a ce na farko ne ya tashi. Wata ƙari ne a mahaifa yake kumbura mata mara. Wata tsananin son haihuwa ne ya ɗauke mata haila, har ciki ya tasa, alhali babu komai. Ciki mai rai kuwa ba ya tsayawa ya huta. Hasali ma in ya wuce mako 42 mabiyiya takan fara gajiya da ciyar da jariri, shi ya sa likitoci ba su barinsa ya zarce.

Saboda haka mu rarrabe abu biyu. Hukuncin alƙali wajen jingina ɗa ga mijin da, wannan sha'anin kotu ne, a bar wa ma'abutansa. Amma kada a mai da shi dalilin ajiye mace a ɗaka ana ta jiƙe-jiƙe. Mataccen ɗan tayi yana iya jawo zubar jini ko ruɓa, har a rasa uwa. Bazawarar da take kokwanton ciki tana iya shekaru ba ta yi aure ba, marayu kuma suna jiran gado, tun da a Malikiyya ba a rabawa sai an haihu. Alhali gwajin fitsari da ɗaukar hoton ciki suna warware kokwanton a yini ɗaya. Bugun zuciyar ɗan tayi ma ana iya ganinsa tun wajen mako na 6 ko na 7.

Fiƙihu tun asali yana karɓar shaidar ungozoma a kan abin da maza ba su gani. Maigida, in matarka ta ce ciki ya kwanta, kada ka fara da zargi, kada kuma ka yi shiru. Ɗauke ta ku je awo, domin kiwon lafiyarta yana cikin haƙƙin da za a tambaye ka. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya.